Yadda zaka ziyarci Estoniya ka ga ƙasar sosai, ba Tallinn kaɗai ba

Duk wanda ya ce min zai je Estoniya, kafin mu shiga maganar biza ko kuɗin jirgi, abin da nake fara tambayarsa shi ne wane wata zaka tafi? Saboda wallahi ƙasar da zaka tarar a watan Yuni daban take da wadda zaka tarar a Disamba. A ƙarshen Yuni rana tana fitowa a Tallinn wajen ƙarfe 4 na asuba, ba zata faɗi ba sai goma da rabi na dare ta gota, kuma ko ta faɗin ma sararin sama baya yin duhu ƙirin, wani ja-ja ne zai tsaya can arewa har gari ya sake wayewa. A Disamba kuwa sai bayan ƙarfe 9 na safe take leƙowa, uku da 'yan mintuna ta tafi, awa shida kenan, shi ma ɗin yawanci gajimare ya rufe. Toh kaga duk wani tsari da zaka yi, na yawo, na kaya, har na sallah, a kan wannan zai hau. Idan zuwanka na farko ne ni shawarata ka zaɓi tsakanin ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba. Nuwamba kam ka barta, babu ƙanƙarar kirki da zaka kalla, sai yayyafi da iska da duhu.

Ƙasar ƙarama ce, faɗinta kimanin murabba'in kilomita 45,000, kusan girman jihar Kaduna, mutanenta kuma basu kai miliyan ɗaya da rabi ba. Finlan tana arewa da ita tsallaken teku, Rasha a gabas, Latbiya a kudu. Kusan rabin ƙasar daji ne, tsibiranta sun haura 2,000, kuma shimfiɗe take, tudun da ya fi ko'ina tsawo mita 318 ne kacal. Wannan ƙanƙantar tata ita ce ribar baƙo, don babu inda zaka nufa daga Tallinn da zai ci maka yini guda a hanya, shi yasa yake min ciwo in ga mutum ya sha wahalar biza ya kashe kuɗin tikiti, sannan ya ƙare kwanakinsa a layuka huɗu na tsohon gari yana ɗaukar hoto.

Maganar takardu. Estoniya tana cikin Tarayyar Turai tun 2004, ta shiga yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, a 2007, don haka bizar Shengen ce zaka nema, mai baka damar zama har kwana 90 a cikin 180. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024, banda na kamfanin da ke karɓar takardu. Fasfonka ya zama yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da zaka baro, da shafi biyu da ba'a buga komai ba, ga inshorar lafiya ta tafiya da ta kai Yuro 30,000, ga shaidar masauki, da tikitin dawowa, da bayanan asusun banki, da takardar wajen aiki ko ta kasuwanci. Estoniya bata da ofishin jakadanci a Abuja, wata ƙasar Shengen ce ke karɓa a madadinta, ka shiga shafin ma'aikatar harkokin wajensu ka ga wacce ce ga ƙasarka kafin ka fara cika fom. Ana iya shigar da takardu tun saura wata shida a tafi, dan Allah kada ka bari sai saura sati biyu. Kuma ƙa'ida ce ka nemi biza a ƙasar da zaka fi daɗewa, kada wani ejan ya ruɗe ka da cewa a nemi ta wata ƙasa mai sauƙi sai ka wuce, a bakin iyaka ake tambaya.

Babu jirgin da ke tashi daga wajenmu kai tsaye zuwa Tallinn, sai ka yada zango, ko ta Istanbul da Turkish Airlines ko ta Frankfurt da Lufthansa. Abin lura anan, idan ta Frankfurt ka bi toh a can jami'an shige da fice zasu tantance ka saboda nan ne ƙofarka ta farko a Shengen, don haka takardar otal da inshora da tikitin dawowa su kasance a jakar hannu, ba a akwatin da aka auna ba, kuma ka bar tazarar awa biyu zuwa uku tsakanin jiragen. Ga wata kuma da take taɓa mu kai tsaye: haramun ne a dokarsu ka shigo da nama ko kayan madara daga wajen Tarayyar Turai. Kilishi, dambun nama, man shanu, duk ka barsu a gida ko da Hajiya ce ta haɗa maka da hannunta, kwacewa zasu yi kuma ana iya cin ka tara. Tsabar kuɗi idan ta kai Yuro 10,000 dole ka bayyana.

Filin jirgin Tallinn ƙarami ne mai tsafta, kilomita 4 ne kawai daga tsakiyar gari, bas mai lamba 2 yana zuwa, ko ka buɗe Bolt ɗin da ke wayarka, wannan dai Bolt ɗin da ake hawa a Abuja, ai ɗan asalin Tallinn ne, a nan aka kafa shi a 2013, a da sunansa Taxify. Zaka ji ana cewa hawa bas da taragu, wato ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, kyauta ne a Tallinn, eh gaskiya ne tun 2013, amma ga mazauna garin da suka yi rijista kawai, kai baƙo biya zaka yi. Hanya mafi sauƙi ka ɗora katin bankinka a na'urar da ke ƙofar gaba ta bas ko taragu, ya baka tikitin awa ɗaya, ko ka sayi koren katinsu a shagon R-Kiosk ka loda masa na kwana uku ko biyar. Babu kwandasta, babu mai tambayarka a ƙofa, amma masu dubawa suna shigowa ba zato, kuma tarar tana da zafi. A wannan R-Kiosk ɗin zaka sayi layin waya, Telia ko Elisa ko Tele2, kuma zai maka aiki idan ka tsallaka Finlan ko Latbiya. Kuɗinsu Yuro ne tun 2011, amma kusan komai da kati ake biya har kofin shayi, don haka ka tabbatar katin da ka riƙo yana aiki a waje tun kana gida, in da hali guda biyu. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, ɗan Najeriya sai ya riƙo adafta, mutanen Nijar yawancin cajarsu zata shiga. Agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya a lokacin sanyi, awa biyu a lokacin zafi.

Yanzu sallah, wadda ita ce aka fi tambayata. Abu na farko, cire “gabas” daga ranka. Daga Tallinn alƙibla kudu take da ɗan karkatawa zuwa gabas, idan ka fuskanci mafitar rana kamar yadda muka saba ka kauce sosai, don haka ka duba kamfas na waya duk ɗakin da ka sauka. Na biyu, a tsakiyar bazararsu jan sararin nan na bayan magariba baya ɓacewa har asuba, shi yasa zaka ga manhajar wayarka ta baka isha ƙarfe ɗaya na dare ko ta rikice gaba ɗaya, wata manhajar kuma ta baka wani lokacin daban. Kada ka zauna kana ta wasiwasi kai kaɗai, akwai Cibiyar Musulunci ta Estoniya a titin Keevise, unguwar Ülemiste dab da filin jirgi, ana Juma'a a can, ka karɓi jadawalinsu ka bi shi. Musulmi 'yan kaɗan ne a ƙasar amma ba baƙi bane, Tatar, wata ƙabila ta Musulmi, suna zaune a can tun zamanin daular Rasha. A lokacin sanyi matsalar juyewa take, azahar da la'asar da magariba duk a cikin awa uku da wani abu suke, idan ka shiga gidan tarihi ka shagala sai ka fito ka tarar duhu ya yi. Ka riƙa yawo da 'yar ƙaramar darduma. Banɗakunansu babu buta, gorar ruwa a jaka ta wadatar, kuma ka kula da alamar ƙofa, wani wajen babu hoton mutum, sai alwatika mai tsini a ƙasa ko harafin M na maza, mai tsini a sama ko harafin N na mata.

Abinci kuma sai ka buɗe ido, don alade shi ne naman yau da kullum a can. Kalmomi kaɗan zaka haddace su cece ka a kanti: sealiha naman alade ne, sink da peekon ma nasa ne, verivorst tsiran jini ne da suke ci lokacin Kirsimeti, želatiin kuma gelatin ne, wanda sau da yawa daga alade ake samo shi. Kala a yarensu kifi ne, kana kuma kaza, veiseliha naman sa, lambaliha naman rago. Niƙaƙƙen nama sau da yawa gauraye yake, sa da alade, kada ka ɗauka don ka ga hoton saniya. Wasu alawoyin cakulan suna da giya a ciki, ka karanta bayan kwali da kamarar fassara ta waya, shi kuma Vana Tallinn da zaka gani jere a shagunan tsaraba a kwalba mai kyau giya ce. Akwai shagunan halal da gidajen abincin Turkawa da Larabawa a Tallinn, in ka fita ƙauyuka kuma kifi ne abokinka, kuma gaskia kifinsu akwai daɗi, musamman mai hayaƙi a bakin teku. Ka ɗanɗana leib, baƙin burodinsu mai ɗan tsami da nauyi wanda ko Ba'estone ya yi tafiya shi yake fara kewa, da kama, wani garin soyayyen hatsi da wake da suke damawa da kindirmo su sa zuma ko sukari, ranar da na fara sha sai da na tuna fura da nono. In kana son kuɗinka su kai ka, ka ci babban abincinka da rana, gidajen abinci da yawa suna da päevapraad, abincin ranar mai rahusa a kwanakin aiki, na dare kuma ka sayo a Rimi ko Selver ko Maxima. Ruwan famfo ana sha lafiya lau. Robar lemo da gwangwani kada ka yar, akwai santi 10 a kan kowace, injin da ke bakin kanti zai maida maka.

Tallinn ka bata kwana biyu. Tsohon garin yana cikin jerin UNESCO tun 1997 kuma ya cancanta, ganuwa ce da hasumiyoyi da gidajen fatake na zamanin da garin yake cikin ƙawancen kasuwanci na Hansa. Ka shiga ta ƙofar Viru da sassafe kafin jiragen ruwa su sauke 'yan yawon buɗe ido, ka je dandalin majalisar gari, a kusurwarsa akwai kantin magani Raeapteek da yake aiki tun aƙalla 1422 kuma har yau ana sayar da magani a ciki, sannan ka hau tudun Toompea inda majalisar dokoki take, ka tsaya a Kohtuotsa ka kalli jajayen rufin gidaje har teku. Takalmi mai taushin ƙasa zaka sa, 'yar'uwa ki bar mai tsini a otal, duwatsun titin zagayayyu ne masu santsi. Rana ta biyu ka fita daga ganuwa, kasuwar Balti Jaam da unguwar Telliskivi inda aka maida tsoffin masana'antu wajen shaƙatawa, sai Lennusadam inda zaka shiga cikin jirgin yaƙin ƙarƙashin ruwa mai suna Lembit, yara suna son wajen sosai, sai taragu zuwa Kadriorg, fadar da sarkin Rasha Bitrus Babba ya fara ginawa a 1718. Gidajen tarihi da yawa a rufe suke ranar Litinin, ka duba kafin ka fita.

Sannan ka bar garin, anan ne tafiyar take fara daɗi. Wajen da ya fi tsaya min a rai shi ne Viru raba a gandun dajin Lahemaa, wanda aka keɓe tun 1971, tafiyar kamar awa ɗaya gabas da Tallinn. Wata irin fadama ce da bamu da kamarta, ƙasar gansakuka ce da ta tsotse ruwa tsawon dubban shekaru har ta yi tudu, in ka taka sai ta lotsa kamar katifa, bishiyoyin da ke kai gajeru ne ƙanana alhali wasu sun girmi kakanka, ga ƙananan tafkuna masu ruwa kalar baƙin shayi, an shimfiɗa katako mai tsawon kusan kilomita uku da rabi da zaka bi ta kai, da hasumiyar katako da zaka hau ka hango ko'ina. Ka je da asuba lokacin da hazo yake kwance a kan ruwan, shirun wajen har kunnenka yana jin nauyinsa, ni dai tasbihi na samu bakina yana yi. Kada ka sauka daga kan katakon, don kanka da kuma don gansakukar, sawu ɗaya yana daɗewa bai warke ba. Kyauta ne shiga, hukumar dazuzzukansu RMK tana da hanyoyi da wuraren kafa tanti da hura wuta a faɗin ƙasar ba ko kwabo. Amma akwai kaska a ciyawa daga bazara zuwa kaka kuma tana ɗauke da cuta mai taɓa ƙwaƙwalwa, ka sa dogon wando ka cusa shi cikin safa, da ka dawo ka duba jikinka kaf. Sauro akwai shi da yawa amma baya sa maleriya, sai dai in zazzaɓi ya kama ka ka faɗa wa likita daga inda ka fito, don ba ita zai fara tunani ba. Lambar gaggawa 112.

Tartu tana da nisan awa biyu da 'yan kai a jirgin ƙasa na Elron mai ruwan lemo ko bas ɗin Lux Express, garin ɗalibai ne, jami'arsa tun 1632, kuma a can gidan tarihin ƙasa yake, in kana son fahimtar su wane ne mutanen nan toh ka ba shi rabin yini. Pärnu awa biyu a bas, bakin teku ne mai farin yashi da ruwa mara zurfi, na lokacin zafi. In kana da kwana biyu a hannu ka tafi tsibirin Saaremaa, bas ɗin da ka hau a Tallinn shi zai shiga cikin jirgin ruwa da kai a Virtsu, rabin awa ku sauka a Muhu ku bi ta kan gada, kamar awa huɗu gaba ɗaya zuwa Kuressaare, ka ga ganuwar bishof da ramin Kaali inda dutse daga sama ya faɗo. Narva kuma a kan iyaka take, ganuwar Hermann a wannan gaɓar kogi, ta Ivangorod ta Rasha a waccan suna kallon juna, yawancin mutanen garin Rashanci suke yi. Fasfonka ya kasance a jikinka, kada ka ɗauki hoton shingen jami'ai ko ka tada jirgi mara matuƙi. Helsinki ma awa biyu ce a jirgin ruwa, bizarka ta isa, ka tafi da safe ka dawo da dare.

Halin mutanen sai ka yi masa uzuri tun daga gida. Mu da muka saba da ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aka ji da sanyi, zaka shiga bas cike da mutane ka ji tsit, mai kanti ta ce maka “tere” ta tsaya anan ba murmushi. Ba wulaƙanci bane kuma ba don kai bane, haka suke wa junansu, amma tambayi hanya ka ga yadda mutum zai tsaya ya nuna maka dalla-dalla. Ka riƙe tere don gaisuwa, aitäh na gode, palun dan Allah. Matasa suna jin Ingilishi sosai. Ka rage murya a waya cikin mota, kada ka matse wa na gabanka a layi, ƙarfe 3 a wajensu ƙarfe 3 ne, bas baya jiran kowa, kuma in an gayyace ka gida ka cire takalmi a ƙofa, wannan kam mun iya. A ƙauye za'a iya kallonka don baƙar fata ba yawa, mafi yawa kallo ne kawai. Idan aka ce ka zo sauna, wato ɗakin wanka mai zafi da tururi, girmamawa ce babba, amma yawanci tsirara ake shiga, maza daban mata daban, ka faɗa kai tsaye cewa zaka ɗaura tawul ko ka ce a'a na gode, babu mai jin haushi.

Abu ɗaya da bana so ka yi kuskurensa, kada ka kira su Rashawa ko ka ce ai duk ɗaya ne. Yarensu ɗan'uwan na Finlan ne, bashi da alaƙa da Rashanci. Sun ayyana 'yanci ranar 24 ga Fabrairu 1918, Tarayyar Sobiyet ta mamaye su a 1940, an kwashi kimanin mutum 10,000 zuwa Saiberiya a Yunin 1941, an ƙara kwasar sama da 20,000 a Maris 1949, da wuya ka samu gidan da abin bai taɓa ba. Ranar 23 ga Agusta 1989 mutum kusan miliyan biyu suka riƙe hannun juna daga Tallinn ta Riga babban birnin Latbiya har Vilnius na Lituweniya, sama da kilomita 600, ƙasar ta dawo da 'yancinta ranar 20 ga Agusta 1991. Ka je gidan tarihi na Vabamu ka gani da idonka, daga nan zaka gane shirun nasu da kuma dalilin da yasa suke kuka in sun taru dubbai suna rera waƙa a bikin da suka faro tun 1869.

Idan kuma duk da haka lokacin sanyi ka zaɓa don ka ga ƙanƙara, toh Janairu da Fabrairu sanyi kan sauka ƙasa da sifiri da maki 15 ko 20, rigar sanyin hunturun Kano ba zata yi komai ba. Hawa-hawa ake sa kaya, na ciki mai kama jiki, suwaita ta ulu, sai babbar jaket mai tare iska, hula mai rufe kunne, safar hannu, takalmi mai kaurin ƙasa da baya shan ruwa, da man shafawa mai nauyi don fata tana tsagewa. Kuma ka sayi helkur, ɗan abu ne mai ƙyalli da ake ratayawa a gefen riga daidai gwiwa don fitilar mota ta haska ka, doka ce ga mai tafiya a ƙasa in duhu ya yi, 'yan sanda suna iya cin tara a kai, a kowane babban kanti ana sayar da shi Yuro ɗaya ko biyu, ka saya tun ranar da ka sauka.